Tsakiyar Shafi: Yadda Flexbox Ke Raba Fili

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga intanet don duba sakamakon jarrabawa, da ɗan kasuwar da ke buɗe asusun bankinsa ta waya, sun saba ganin wani ɗan akwati zaune daram a tsakiyar shafi: gurbin lamba, gurbin kalmar sirri, sai madanni a ƙasa. Ba mai tsayawa ya tambayi yadda akwatin ya samu wannan mazauni. Amma ga masu gina shafuka, an shafe fiye da shekara goma sha biyar wannan ɗan aiki ya zame musu ƙarfen ƙafa, har suka mai da shi abin zolayar juna.

Dalilin yana cikin asalin shafukan. A 1989 ne Tim Berners-Lee ya kawo shawarar yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, kuma abin da ke gabansa shi ne masana su riƙa musayar takardu. Takarda kuwa daga sama take farawa, ta yi ta gangarowa har inda rubutu ya ƙare. Harshen HTML shi ke faɗin mene ne kowane abu a shafi: wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne. Harshen CSS, wanda Håkon Wium Lie ɗan ƙasar Nowe ya gabatar a 1994, ƙungiyar W3C kuma ta amince da shi a ƙarshen 1996, shi ke faɗin kamannin abin: launinsa, girmansa da wurin zamansa. Tun farko CSS ya iya sanya abu tsakanin dama da hagu, domin faɗin allo sananne ne. Tsakanin sama da ƙasa ne ya gagara, saboda tsawon shafi ba ya tabbata sai rubutu ya gama zuba.

Sai magina suka koma dabaru. Wasu suka riƙa cusa shafi gaba ɗaya cikin jadawali, wanda don lissafi aka yi shi. Wasu suka jingina da float, umarnin da aka ƙirƙira don rubutu ya zagaye hoto. Wata sananniyar dabara ita ce a tura akwati ƙasa da rabin tsawon allo, sannan a jawo shi sama da rabin tsawon kansa: in tsawonsa fiksel 200 ne, a jawo shi da 100. Tana aiki, har ranar da aka ƙara layi ɗaya a cikin akwatin, lissafin ya wargaje.

Don magance irin wannan ne aka samar da Flexbox, wani tsarin jera abubuwa a cikin CSS. Daftarinsa na farko ya fito daga W3C a 2009, aka sake masa fasali a 2011, sannan siffar da ake amfani da ita yau ta zauna a 2012. Chrome ya karɓe ta sosai a 2013, Firefox ya cika nasa a 2014, Safari kuma a 2015.

Me ya haɗa Ungogo da wannan?

Mu ɗauki ƙaramar hukumar Ungogo a matsayin misali, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 369,657. Wani ɓangarenta, irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa, ya riga ya haɗe da birnin Kano, wani kuma, wajen Fanisau da Rangaza da Karo, har yanzu gonaki ne da gidaje a cuɗe. A duk ɓangarorin biyu, wanda zai buɗe shafin intanet galibi da waya zai buɗe shi, Tecno ko Itel ko Infinix, wadda faɗin allonta a lissafin CSS bai wuce fiksel 360 ko kusa da haka ba. Matashin da ya gina shafin kuwa a kan kwamfutar cinya ya gina shi, mai faɗin fiksel 1,366 ko fiye. Duk abin da ya daidaita da ido a kan kwamfutarsa, ya kafa shi da lambobi ƙayyadaddu, zai karkace a hannun mai waya. Abin da ake buƙata shi ne tsarin da zai yi wa kansa lissafi a kan kowane allo.

A ce wata makarantar Islamiyya a Bachirawa tana son shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu. Ga abin da mai ginin zai rubuta don akwatin shiga ya zauna a tsakiya:

.fili {
  display: flex;
  justify-content: center;
  align-items: center;
  min-height: 100vh;
}

Abu na farko da za a lura: ba akwatin shigar ake ba umarni ba, babban akwatin da ke ɗauke da shi ake ba. Bari mu kira babban uwa, na cikinsa 'ya'ya. Layin farko, display: flex, yana gaya wa uwa cewa daga yanzu ita ce mai jera 'ya'yanta, kuma 'ya'yan cikinta kaɗai. Jikoki ba sa shiga wannan hukunci sai an mai da tasu uwar flex ita ma.

Uwa tana da layuka biyu: layin tafiya, wato inda 'ya'ya ke bin juna, da layin gicciye, wanda ya ratsa shi. Manomi zai gane wannan da sauri. Idan aka yi huɗa, kunya tana da tsawonta, kuma tare da tsawon nan ake auna tazara tsakanin ramin gero da na gaba. Tana kuma da faɗinta, inda ake zaɓar ko a shuka a bisa tsakiya ko a gefe. Umarnin justify-content na tsawon kunya ne, align-items na faɗinta. In manomi ya juya huɗarsa daga gabas da yamma zuwa kudu da arewa, tazarar shuka tana nan tare da kunya, alƙibla ce kawai ta sauya. Haka yake idan aka rubuta flex-direction: column: 'ya'ya su daina jeruwa a kwance su koma bin juna daga sama zuwa ƙasa, justify-content ya koma lura da sama da ƙasa, align-items ya koma lura da gefe da gefe. Yawancin masu koyo a nan suke tuntuɓe, domin sun haddace cewa ɗaya na kwance ne ɗaya na tsaye, alhali ba haka dokar ta ce ba.

Layin ƙarshe, min-height: 100vh, shi ne wanda ake yawan mantawa. Yana nufin tsawon uwa kada ya gaza tsawon allo. In babu shi, uwa za ta tsaya daidai tsawon ɗanta, babu wani fili sama ko ƙasa, don haka babu tsakiyar da za a nema. Mai koyo sai ya yi ta sake rubuta align-items yana zargin burauza, alhali fili ne bai bayar ba.

Rabon sauran fili

Duk aikin Flexbox a nan yake: a cire abin da 'ya'ya suka ci, a duba abin da ya rage, a yanke shawarar inda za a kai shi. Mu ɗauki allon fiksel 360 da madannai uku, kowanne faɗin 80. Sun ci 240, saura 120.

In aka ce center, madannan su manne da juna, 60 ya tafi gefe guda, 60 ɗaya gefen. In aka ce space-between, na farko da na ƙarshe su jingina da bango, 120 ɗin a raba shi tsakanin giɓi biyu na ciki, 60 kowanne. Da space-around kowane madanni yana samun 20 a kowane gefensa, sai tazarar ta fito 20, 40, 40, 20. Abin da ya sa ke nan bakin ke fitowa a matse, wanda bai san lissafin ba ya ɗauka kuskure ne. Wanda ke son giɓi huɗu masu kai ɗaya, 30 kowanne, space-evenly zai kira.

Ana kuma iya ba 'ya'yan filin su cinye. Da flex-grow kowane ɗa yana da kaso. In biyu suna da kaso 1, na uku yana da 2, za a kasa 120 gida huɗu: biyun farko su ƙaru da 30 su zama 110, na uku ya ƙaru da 60 ya zama 140. A lura, mai kaso 2 bai ninka 'yan'uwansa a faɗi ba. Rarar kawai ya ninka su a ciki. Akwai kuma margin: auto, wanda a cikin flex yake hadiye duk rarar da ke gefen da aka sa shi. Da shi ake tura tambarin makaranta gefe guda na saman shafi, jerin madannai ɗaya gefen, ba tare da an ƙirga ko fiksel ɗaya ba.

Boko da ajami

Ga inda tsarin ya fi yi wa mai gini a ƙasar Hausa rana. Shafin Islamiyya da wuya ya rasa Larabci, wani ma zai so a sa Hausar ajami saboda iyayen da ita suka fi karantawa. Boko daga hagu yake tashi, ajami da Larabci daga dama. A zamanin float, wanda ya rubuta left ya kafe abu a hagu ke nan, in yana son shafin ajami sai ya sake wani tsarin daban, ya bi kowane left ya mai da shi right.

Flexbox bai san dama da hagu ba, mafari da maƙura ya sani, flex-start da flex-end. Mafari kuwa shi ne inda rubutu ke tashi. Da zarar an sa dir="rtl" a kan shafi, madannin farko ya koma dama, sauran su biyo shi zuwa hagu, ba a taɓa ko layi ɗaya na CSS ba. Sharaɗin kawai shi ne mai gini kada ya ɓata abin da hannunsa: in ya rubuta margin-left ya dawo da tsohuwar matsala, gara ya rubuta margin-inline-start, ko ya bar gap ya sa tazara tsakanin 'ya'ya.

Wani ƙaramin abu da ido ke gani ko da baki bai iya faɗinsa ba: idan sunan ɗalibi da boko ya zauna kusa da sunansa da Larabci, galibi ana ƙara wa Larabcin girma don wasulla su fito. In aka ce align-items: center, tsakiyar akwatunan biyu ce za ta daidaita, sai rubutu ɗaya ya zama kamar yana lilo sama da ɗan'uwansa. In aka ce baseline, layin da haruffa ke zaune a kai ne zai daidaita, sunayen biyu su hau layi guda kamar a littafin rubutu.

Inda ake zamewa

Tsakiyar Flexbox tsakiya ce ta gaskiya, ba ta da tausayi. In ɗa ya fi uwa tsawo, zai malala sama da ƙasa daidai wa daida, kuma abin da ya malala sama ba a iya gungurawa a kai gare shi. A ƙaramar waya, fom mai tsawo a cikin uwa mai ƙayyadadden tsawo sai ya rasa kansa, gurbin farko ya ɓace. Maganin shi ne min-height a madadin height, ko margin: auto a kan ɗan, ko a rubuta safe center, wanda ke mai da abu mafari in fili ya gaza. Shi kansa 100vh yana da nasa hali a waya: yana ƙirga har wurin da sandar adireshin burauza ta rufe, sai akwatin ya ɗan sauka ƙasa da tsakiya. Ma'aunin dvh, da manyan burauzoji suka karɓa a 2022, don wannan aka kawo shi.

'Ya'ya kuma ba sa sauka layi na biyu da kansu. Matsewa suke yi har rubutu ya shaƙe, sai an ce flex-wrap: wrap. Sannan umarnin order yana sauya jerin da ido ke gani kawai. Makaho mai amfani da manhajar karanta allo ta TalkBack a wayarsa zai ji abubuwa bisa jerin da ke cikin HTML, don haka abin da ya kamata a fara ji, a fara rubuta shi.

Sai tsofaffin burauzoji. Opera Mini, da 'yan Najeriya da yawa suka riƙe saboda tsimin data, a yanayinsa na matsanancin tsimi a kan na'urorin kamfanin yake sarrafa shafi kafin ya turo wa waya, kuma ba kowane sabon umarni yake ganewa ba.  Umarnin gap a cikin flex bai iso Chrome ba sai 2020, Safari kuma 2021, don haka wayar da ta daɗe ba a sabunta ta ba za ta iya nuna madannai a manne. Mai gini ya ari irin wayar da iyayen yara ke riƙewa ya gwada, ya fi masa duk wani hasashe.

Kuma ba kome ne ya cancanci tsakiya ba. Hannunmu ya saba da katin ɗaurin aure da allon sanarwa, inda kowane layi ke tsakiya, sai a kwaso wannan a zuba wa shafi. Kanu da madanni da akwatin shiga sun dace da ita. Sakin layi mai tsawo kuwa, in aka tsakaita shi, kowane layi da inda yake farawa, ido ya yi ta neman bakin zare. Akwatin ya zauna a tsakiya, rubutun cikinsa ya tashi daga mafarinsa.

Flexbox na jeri ɗaya ne, a kwance ko a tsaye. Idan abin da ake so ya haɗa layuka da ginshiƙai a lokaci guda, kamar jadawalin darussa na mako ko jerin hotunan ɗalibai, aikin Grid ne, wanda ya shigo manyan burauzoji a watan Maris na 2017. A can place-items: center kaɗai ya isa ya tsakaita abu ta kowane ɓangare. Daga 2024 kuma align-content ya fara aiki a kan akwati na yau da kullum ba tare da flex ko grid ba, sai dai wayar da burauzarta ta girmi wannan shekara ba za ta gane shi ba.