Kalmar Rash: Tsakanin Sauri da Garaje

Kalmar Turancin da za mu tsaya a kanta yau gajera ce, haruffanta huɗu kacal: R, A, S, H. Ana furta ta rash.

Idan Bature ya ce wane ya yi rash decision, to zarginsa yake yi. Yana nufin mutumin ya yanke shawara tun bai duba inda za ta kai shi ba. Ga ma'aikaci, shugabansa ya yi masa faɗa da safe, kafin azahar ya miƙa takardar ajiye aiki. Bai tuna kuɗin haya ba, bai tuna kuɗin makarantar yara ba. A Hausa garaje ke nan, in abin ya yi tsanani mu ce ganganci. Amma direban motar asibiti da ya garzaya da mara lafiya, shi sauri ya yi, kuma ya kyauta. Ba mai jifansa da wannan kalma.

Da can kalmar ba ta ɗauke da laifi. A Turancin shekaru kusan 600 da suka wuce, ana faɗinta ga mutum mai zafin nama. A Jamusanci har gobe 'yar uwarta rasch hanzari kawai take nufi. Sannu a hankali Turawan Ingila suka jingina mata rashin tunani, har ya rinjayi ma'anar farko.

Kada a haɗa ta da hasty. Mutum kan yi hasty breakfast, wato ya karya kumallo a tsaitsaye don kada mota ta tafi ta bar shi, ba wanda zai ga laifinsa. Sannan akwai wata rash ɗin daban, wadda likita ke faɗa in ya ga ƙuraje sun feso wa yaro. Rubutunsu ɗaya, asalinsu daban. Mu ma ai garaje da ƙuraje sun yi kama a kunne.

Inda kalmar ta fi nauyi shi ne kotu, kuma nan ne na fi so mu natsu. Dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960 an tsara ta ne bisa ta Sudan, ita kuma ta Sudan ta samo tushe daga ta Indiya ta 1860. A cikinta an jera rash da negligent kafaɗa da kafaɗa, kuma masana shari'a sun raba su. Direban da ya ga kwana a gabansa, ya san mota na iya ɓullowa, duk da haka ya fita zai wuce tirela yana fatan zai sha, wannan rash ne. Ya san haɗarin, ya rufe ido ya afka. Wanda kuwa ya ɗebi fasinja bai taɓa duba birkinsa ba, shi negligent ne, wato mai sakaci. In rai ya salwanta ta ɗayan hanyoyin nan, dokar ba ta kai mutum ga hukuncin kisa, amma yana iya shan ɗauri.

Ku duba nauyin da ke kan tafinta. In ya ce wa wanda ake tuhuma ana zarginsa da yin sauri, bawan Allah zai iya amsa laifin da bai fahimta ba, domin a ganinsa sauri ba abin kunya ba ne.

Saboda haka tafintocinmu na kotu, da malaman Turanci, da ɗalibai masu shirin jarrabawa, don Allah in kun ci karo da rash a kan aikin mutum, ku ce garaje ko ganganci.