Hanyar digiri na biyu a fannin ƙera jiragen sama

Ɗan ƙauye zai iya wannan karatu, amma hanyar tana farawa tun daga sakandare. Sai ya ci darussa 5 da kyau a WAEC ko NECO, har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Daga nan digirin farko na injiniya, shekara 5, da sakamako mai kyau, sannan takardar bautar ƙasa. Da waɗannan zai nemi digiri na biyu, misali a Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna, wadda take ɗaukar farar hula ma.

Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne ajin farko na babbar sakandare. In babu malamin fiziks, sai su bar kimiyya. Iyaye, ku je makarantar ku tambaya kafin yaro ya zaɓi aji.