Raddi ga masu cewa tsoho ya tashi ya ba yaro wuri

Duk lokacin da aka taɓo batun rashin aikin yi, a majalisa ko a shirin rediyo, da wuya a tashi ba a ji wani ya ce tsofaffi ne suka tare hanya ba. Masu wannan ra'ayi suna ganin duk wanda ya kai shekarun ritaya ya kamata ya koma gida ya huta, ya riƙi carbinsa, ya bar wa na baya fili. Wanda ya sake neman abin yi bayan ritaya kuwa, a wurinsu, ko dai kwaɗayi ne ya kai shi, ko kuma 'ya'yansa ne suka gaza. Hujjarsu a bayyane take: kowace shekara jami'o'i da kwalejoji suna yaye dubban matasa, su gama hidimar ƙasa, su zauna da takardu a hannu. To, wanda ya shekara talatin da biyar yana karɓar albashi, me ya rage masa in ba ya matsa ba?

Ba ƙeta ce ke sa mutane faɗin haka ba, kuma akwai gaskiya a cikin kukansu. A aikin gwamnatin Najeriya ƙa'ida ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga cika. Ma'aikacin da ya rage shekarunsa a takarda don ya daɗe a kujera ya ci amana, ya kuma tare wa na ƙasa da shi ƙarin girma. Haka nan shugaban da ya maido amininsa kan kwantiragi alhali akwai wanda ya cancanta a cikin ma'aikata. Waɗannan laifuffuka ne, kuma a hukunta masu yin su. Amma daga nan zuwa cewa duk aikin da dattijo ya yi asara ce ga matashi, an tsallake matakai da yawa.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar aiki tamkar kujerun motar haya, sai wani ya sauka kafin wani ya hau. A ma'aikata guda mai ƙayyadaddun gurabu hakan na iya faruwa, amma tattalin arzikin ƙasa ba haka yake tafiya ba. Mai aiki yana samu, yana kashewa, abin da ya kashe kuma shi ne cinikin tela da mai shago da mai adaidaita sahu. A duba Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau a Kano. Alhajin da ya haura saba'in yana zaune a shagonsa yana da yara a ƙarƙashinsa. Da sunansa ake ba su kaya bashi, shi ne ke nuna musu wanda za a amince wa da wanda za a kiyaye, shi ne kuma in lokaci ya yi zai ba yaro jari ya sallame shi. Ranar da aka ce ya rufe shago ya tafi gida, yaran nan ne za su fara rasa wurin zuwa.

Na biyu, an riga an gwada wannan dabara a wasu ƙasashe, kuma an ga ƙarshenta. A 1982 gwamnatin François Mitterrand a Faransa ta saukar da shekarun ritaya daga 65 zuwa 60, kuma samar wa matasa gurabu yana cikin dalilan da aka bayar. Rashin aikin yi na matasa ya ci gaba da addabar ƙasar shekaru da dama bayan haka, har a 2010 aka ɗaga shekarun zuwa 62. Birtaniya ma, daga 1977 zuwa 1988, ta gudanar da wani shiri na biyan manyan ma'aikata alawus su bar aiki da wuri domin marasa aiki su samu gurbi, daga baya ta yi watsi da shi. A 2010 masana tattalin arziki Jonathan Gruber da David Wise suka fitar da nazarin da suka jagoranta a ƙasashe 12 masu ci gaban masana'antu. Ba su sami shaidar cewa fitar da tsofaffi daga aiki yana ƙara wa matasa aiki ba. Abin da suka gani shi ne aikin manya da na matasa sun fi hawa tare, su sauka tare. Yanayinmu ya bambanta da nasu, gaskiya ne, amma mai cewa dabarar za ta yi aiki a nan shi ke da nauyin kawo hujja.

Na uku, shekara 60 ba iyaka ba ce da aka halicci ɗan Adam da ita. Lissafi ne na ofis, kuma yana canzawa. Da Jamus ta kafa fanshon tsufa a 1889, zamanin Bismarck, shekara 70 ta sa, sai a 1916 ta mayar da shi 65. A gida ma dokokinmu ba su tsaya a lamba ɗaya ba. Tun 2012 farfesoshin jami'a suke kaiwa 70. Dokar 2022 ta ba malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. A 2023 an daidaita shekarun alƙalan manyan kotuna a 70. An yi haka ne saboda an gane akwai ayyukan da gwaninta a cikinsu sai da daɗewa. Ban da haka, mafi yawan mutanenmu ba su san ritaya ba sam. Manomi da maƙeri da majemi da mai ƙosai suna aiki gwargwadon ƙarfinsu, su rage in ƙarfi ya ragu, ba wanda ya taɓa cewa sun tare wa wani hanya. Me ya sa sai ɗan boko ne za a ce masa ya naɗe hannu ranar da takarda ta fito?

Na huɗu, batun kwaɗayi da gazawar 'ya'ya. Tsarin fansho na adashi da aka kafa a 2004, aka sake fasalinsa a 2014, ya ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Abin da ya taru a asusun mutum shi ne abin da zai ci, kuma ƙaramin albashi ƙaramin asusu yake haifarwa. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ta cinye darajar abin da mutane suka shekara suna tarawa. Ga kuma waɗanda ke jiran garatuti shekara da shekaru. A gidajenmu, mai shekara sittin sau da yawa yana da 'ya'ya a sakandare, yana da 'yan mata da bai aurar ba, yana da marayun dangi a hannunsa. In ya zauna, wa zai ɗauki wannan kaya? Babban ɗan nan ne da ake cewa ana tausaya wa, wanda bai gama tsayawa da ƙafarsa ba. Uban da ya ci gaba da neman halalinsa ya sauke wa ɗansa nauyi ne, kuma babu abin kunya a nan ga uba ko ga ɗa.

Saura tambaya: wane irin aiki? A nan ne ya kamata a bambanta riƙe kujera da ci gaba da amfani. Tsohon malamin lissafi ko Turanci yana da wuri a makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu, yana kuma iya horar da sababbin malamai. Ma'aikaciyar jinya ko ungozomar da ta yi ritaya taska ce ga ƙaramin asibitin unguwa, musamman yanzu da ma'aikatan lafiya ke ficewa zuwa ƙasashen waje. Tsohon akanta zai iya riƙe wa ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa littafi. Malamin gona ya san taki da iri da lokacin shuka. Tsohon alƙali ko magatakardan kotu ya dace da zaman sulhu da lissafin gado. Injiniya ko makaniki na iya buɗe wurin koyar da sana'a. Kusan duk waɗannan ayyuka ne da ba sa yiwuwa sai da matashi a gefe, mai gudu a ƙafa, mai sarrafa waya da kwamfuta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma babban ma yana bukatar mai hawan rimin.

Sharaɗi biyu kawai zan gindaya wa dattawanmu. Su zaɓi aikin da lafiyarsu za ta ɗauka, kuma kada su zuba garatuti gaba ɗaya a sana'ar da ba su taɓa yi ba, don kiwon kaji da harkar sufuri sun cinye na mutane da yawa. Su fara daga abin da suka sani, su fara shiri tun ana saura shekaru.

Matasa kuma suna da haƙƙin yin fushi, sai dai a kai fushin inda ya dace. Masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka durƙushe, ba tsofaffin ma'aikata ne suka rufe su ba. Rashin wutar lantarki da tsadar jari da kwararar kayan waje ne suka yi wannan aiki. A matsa wa hukuma ta gyara waɗannan, a matsa mata ta hukunta mai rage shekaru, ta biya ɗan fansho haƙƙinsa a kan kari. Dattijon da ya fito neman halalinsa da sauran ƙarfinsa kuwa, a yi masa sannu da aiki, a kuma tura masa yaro ya koya.