Kayan Zaƙi Masu Araha Domin Mai Son Rage Ƙiba

Sanin kowa ne cewa yawan ƙiba yana jawo ciwon sukari da hawan jini. Amma rage ƙiba ba ya nufin a hana baki zaƙi ɗungum. Abin da ake bukata shi ne a rage sukari, a koma ga 'ya'yan itatuwa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi yake sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12. Zuma ma tana cikin wannan lissafi. Kwalbar lemo guda kuwa takan ƙunshi wajen cokali 9.

Saboda haka, maimakon alkaki da nakiya da tuwon madara, uwargida tana iya yin waɗannan:

1. Ta yayyanka gwanda ko kankana, ta matsa lemon tsami a kai.
2. Ta dama nunanniyar ayaba guda cikin nonon da aka cire wa mai.
3. Ta dafa zoɓo da citta, ta zuba markaɗaɗɗiyar abarba kaɗan, ta daskarar a firji.

Dabino yana da zaƙi ƙwarai, biyu ko uku sun wadatar. Mai ciwon sukari ya fara neman shawarar likita. Rigakafi ya fi magani.