Wa ya fara harbi? Yadda gyaran tsofaffin finafinai ya rutsa da mai zanen barkwanci

A fim ɗin Star Wars na shekarar 1977, Han Solo ya harbe Greedo daga ƙarƙashin tebur tun kafin abokin gabar tasa ya motsa. Da George Lucas ya sake fitar da fim ɗin a 1997, sai aka ga kwamfuta ta juya labarin: Greedo ne ya fara harbi ya kuskure, sannan Han ya rama. An sake taɓa wurin a faifan DVD na 2004, aka kuma taɓa shi a 2019. Shi ma Steven Spielberg, da fim ɗinsa E.T. na 1982 ya cika shekara 20, ya goge bindigogin da ke hannun jami'an gwamnati, ya maye gurbinsu da rediyon oba-oba.

Wannan ɗabi'a ce wani mai zanen barkwanci ya yi wa shaguɓe a zanen da ya biyo ta teburina. Gida uku ne. A na farko, darakta ya cire bindiga ya sa oba-oba. A na biyu, ya cire sigari daga bakin jarumi ya sa masa rake. A na uku, ɗan kallo ya miƙe yana cewa ba haka ya gani ba a da, sai daraktan ya goge shi.

Bayan zanen ya hau shafi, mai shi ya dawo da roƙo. Ya gano cewa Spielberg ya riga ya amsa kuskurensa a bainar jama'a, kuma tun 2012 aka dawo da bindigogin a sabon faifai. Daraktan da ya zana kuwa kamannin Spielberg gare shi. Saboda haka yana so a sauya fuskar a ɓoye, a ɗora sabon zane kan tsohon.

Hujjarsa tana da ƙarfi, domin bai kamata a ci gaba da tsokanar wanda ya tuba ba. Matsalar ita ce hanyar da ya zaɓa ta yi daidai da abin da zanen yake zagi. Dariyar gida na uku ta dogara ne ga mai karatun da ya tuna asalin abu, kuma shi ne gyaran ɓoye zai mayar maƙaryaci. Lucas kansa ya gargaɗi majalisar dokokin Amurka a 1988 kan haɗarin sauya tsofaffin finafinai, kafin daga baya ya sauya nasa.

Mun bar zanen farko yadda yake. A ƙasansa muka ɗora gyararren, tare da ranar gyara da dalilinsa cikin jimla biyu. A sabon zanen, daraktan ya juya baya, ba a ganin fuskarsa.