Ko Kun Sani? Albasar Galmi Ta Taɓa Shiga Takaddamar Mallaka

Albasar Galmi da 'yan kasuwar Zongon Lome ke saukewa buhu-buhu daga jihar Tawa ta Nijar ta taɓa zama abin jayayya. Wani kamfanin iri na Senegal ya nemi OAPI, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira mai mazauni a Yawunde, ta yi masa rajistar irin da sunansa, Nijar kuwa ta tashi tsaye ta ƙi. Togo da Nijar suna cikin ƙasashe 17 na hukumar, wadda dokarta kan sababbin irin shuka ta fara aiki a 2006, kafin hukumar ta shiga UPOV, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare sababbin irin shuka, a 2014.

Masu goyon bayan dokar suna cewa wanda ya shafe shekaru yana inganta iri ya cancanci cin moriyar guminsa, kuma an bar wa manomi damar sake shuka abin da ya girbe a gonarsa. Gaskiya ne. Sai dai sharaɗin samun rajista shi ne irin ya zama sabo, mai kama ɗaya, marar sauyawa. Irin da manoman Galmi suka gada kaka da kakanni ba ya cika sharaɗin sabunta, don haka dokar ba ta ba su takardar mallaka.