Yaron da Ya Hana Ɗan Bindiga Sakat

Mai karatu, a ce kai ne aka ɗaure wa ido da tsumma a tsakiyar daji, bayanka duk shatar bulala, wanda ya sato ka yana tsaye a kanka da bindiga. Me za ka ce masa? Mutumin Kurya Madaro ko na Shinkafi ko na Zurmi ba sai an koya masa amsa ba. Waɗanda Allah ya kuɓutar daga hannun 'yan bindiga shawararsu ɗaya ce: ka sunkuyar da kai, ka ce "to, ranka ya daɗe", ka kama bakinka har 'yan'uwa su haɗa kuɗin fansa. To, akwai wani yaro da ya tashi a Sakkwato wanda ya ƙi bin wannan shawara.

Sunansa Michael Nnadi, shekararsa 18. Maraya ne, ɗan tagwaye, kakarsu ce ta rene su. Cocin Katolika na Sakkwato, wanda har Zamfara ke ƙarƙashinsa, shi ya tura shi makarantar horar da limaman coci ta Good Shepherd da ke Kakau, a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja. Ko shekara bai cika a makarantar ba.

Daren 8 ga Janairu, 2020, wajen ƙarfe 10:30, wasu mutane sanye da kakin soja suka kutsa makarantar suna harbi. Ɗalibai sama da 260 ne a ciki. Da ƙura ta lafa aka yi ƙidaya, sai aka ga babu huɗu, dukkansu 'yan ajin farko. Michael ne ƙaraminsu.

Bayan kwana goma aka tsinci ɗaya a gefen hanya, jina-jina, amma da ransa. Ranar 31 ga Janairu aka sako biyu. Kowa ya zuba ido yana jiran na huɗun. Washegari Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya sanar cewa an gano gawar Michael, bayan an fara shaida wa kakarsa.

A nan ne hankalin mutane ya kasa kwanciya. Mai garkuwa da mutane ɗan kasuwa ne, kuɗi yake nema, gawa kuwa ba ta kawo ko kwabo. Tare aka sato su, tare aka yi cinikinsu. Me ya sa aka saki uku aka kashe ɗaya, ɗayan ma ƙaramin cikinsu? Yunƙurin gudu ya yi? Fuskar wani ya gane? Aka binne shi ranar 11 ga Fabrairu a harabar makarantar, tambayar na nan a bakin kowa.

Amsar ta zo daga inda ba wanda ya zata. Bayan wata uku, jaridar Daily Sun ta buga hira da wani matashi mai shekara 26 da 'yan sanda suka kama, wanda ya ce shi ne jagoran gungun, mai mutum 45. Ya faɗi yadda wani ɗan acaɓa da ke zaune kusa da makarantar ya zama musu infoma, da yadda suka fara neman naira miliyan 100 kafin a sauko zuwa miliyan 10. Da aka zo kan Michael, sai ya ce tun ranar farko yaron ya hana shi sakat. Kullum wa'azi yake masa, har ya gaya masa kai tsaye ya bar wannan mugun aiki ko ya hallaka. Ƙarfin halin yaron ne ya ƙona masa rai, in ji shi, shi ya sa ya kashe shi.

Ka lura da wanda ya ba da wannan shaida. Da coci ne ya faɗa, da wasu sun ce ai kowa nasa yake yabo. Amma wanda ya ja kunamar bindigar ne ya buɗe baki, ba don ya yabe shi ba, yana ba da labarin abin da ya ɓata masa rai ne kawai.

To, mai karatu, jarumta ce ko wauta? Kada ka yi saurin yanke hukunci, domin akwai wani ɓangare na labarin da bai fito ba sai a 2023, lokacin da biyu daga cikin abokan ɗaurinsa suka yi magana a bainar jama'a. Sun faɗi yadda ake zane su, ana tilasta musu kiran iyayensu a waya, ana sa su rera waƙoƙin coci ana musu dariya, wani lokaci a ce su yi kukan dabbobi. A cikin wannan hali ne ɗaya daga cikin masu gadinsu ya fara matsowa yana tambaya game da addininsu. Michael ya riƙa ba shi amsa. Har mutumin ya roƙi a koya masa Addu'ar Ubangiji, wadda Kiristoci ke yi kullum, Michael kuma ya shiga koya masa. Bayan haka ne aka zo aka janye shi daga cikinsu, ba su sake jin muryarsa ba.

Tsaya ka hango abin da kyau. Yaro ne a zaune a ƙasa, idonsa a ɗaure, yana biya wa mai riƙe da bindiga addu'a kalma bayan kalma, shi kuma yana maimaitawa. A cikin addu'ar nan akwai wurin da mai yin ta ke roƙon Allah ya yafe masa kamar yadda shi ma yake yafe wa waɗanda suka zalunce shi. Wa ke yafe wa wa a wannan zaman? Da kai ne, bakinka zai iya furta wannan wurin?

Wanda bai san abin da ake koya wa irin su Michael ba zai ɗauka ƙuruciya ce ta ɗebe shi. A koyarwar Katolika, ƙaunar Allah ita ce ke fara zuwa ga bawa tun bai cancanta ba, sa'annan bawan ya miƙa ta ga wasu, har da maƙiyinsa. Babban malaminsu Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi bayanin cewa ƙaunar mutum ita ce so masa alheri, kuma gaya wa mai laifi gaskiya don ya gyara aiki ne na ƙauna, wanda ya sa a sahun sadaka. Shi Akwinas ɗan ƙungiyar Dominikan ne, kuma limaman wannan ƙungiya daga Amurka ne aka damƙa wa yankin Sakkwato a shekarun 1950, suka yi zama a Gusau. Ashe ke nan karatun ba baƙo ba ne a cocin da ya reni yaron.

A wannan ma'auni, wanda ya fi shiga haɗari a dajin nan shi ne mai bindiga, domin shi ke wasa da lahirarsa. In ka ga makaho ya nufi rijiya ka yi shiru don kada ya zage ka, ba za a ce kana ƙaunarsa ba. Katolika suna da tsohon tarihi a kan haka. A 1887 wata yarinya 'yar Faransa mai shekara 14, wadda daga baya aka sani da Tereza ta Lisieux, ta duƙufa da addu'a don wani mai suna Pranzini da aka yanke wa hukuncin kisa saboda kashe mutum uku a Paris. Mutumin ya ƙi tuba har aka kai shi wurin kisa, sai a daƙiƙar ƙarshe ya juya ya sumbaci gicciye. Tereza dai daga gidan mahaifinta ta yi nata, Michael kuwa nasa mai laifin yana tsaye a gabansa.

Ba zan ce wa wanda ke hannun 'yan bindiga ya yi koyi da shi ba. Mai iyali da ya kama bakinsa don ya dawo ga 'ya'yansa bai yi laifi ba, cocin ma ba ya tilasta wa kowa neman mutuwa. Amma in ka ce yaron nan wawa ne, sai ka gaya mini ko mutum nawa ne a cikinmu, manya da masu rawani da masu muƙami, suka taɓa duban ɗan bindiga ido da ido suka ce masa ya ji tsoron Allah.

Mutuwarsa ta girgiza cocin. Ranar 26 ga Fabrairu, 2020, farkon azuminsu na kwana 40, bishop-bishop suka umarci mabiya su sa baƙaƙen kaya, ranar 1 ga Maris kuma su da kansu suka fito titin Abuja cikin baƙi suna kokawa da kashe-kashen da ake yi a ƙasar. Abokan nan nasa biyu da suka ba da labari kuwa, da ka ɗauka sun tattara kayansu sun koma gida? Lokacin da suka yi magana a 2023, suna nan suna ci gaba da karatun zama limaman coci.